Abin da Taɓarya Ta Rufe

Ni ne ɗan farin Inna, don haka tun da aka yanka mini rago ba ta taɓa kiran sunana ba. Bafillatana ce daga Alakos, aure ya kawo ta Gure gidan manoma, ta zo da kunyarta ba ta zubar da ko ƙwaya a hanya ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata ta wajen uba, can na girma. In Inna za ta yi magana a kaina sai ta ce "ɗan tsohuwa", in ranta ya ɓaci ta ce "wancan". In na zo gaishe ta, bango take kallo tana amsawa. In akwai saƙo, autarmu ce take ɗauka, ko da mu ukun muna zaune kan tabarma ɗaya.

"Ki ce wa ɗan tsohuwa ya rage yawo cikin rana."

Auta ta juyo ta ce, "Yaya, ka ji."

Ni kuma in ce, "Ki ce mata na ji."

Haka muke har furfura ta fara fito mini a gemu, Auta ta yi aure ta haihu uku. Ban taɓa ɗaukar abin ciwo ba. Ko kuma dai na riƙa gaya wa kaina ba ciwo ba ne.

Mushe ne ni, wato malami, a wata lakwal, makarantar boko ta bakin gari. Wani abokin aikina da aka canza wa wuri ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa, a cikinta kuwa akwai manhajar haɗa kiɗa. Daga nan na kamu. Manhajar nan, Allah ya sani, ban taɓa ganin abu mai shisshigi irinta ba. A wurinta babu wanda ya iya waƙa a duniya. Na ɗauki ƴan ajina suna rera waƙar tsafta, ta ce muryarsu ta karkace, na danna gyara, sai ga su sun koma kamar awaki masu mura. Wata rana jakin maƙwabci ya yi kuka cikin ɗaukar da nake yi, ta auna kukan tsaf, ta gaya mini matakin muryar da yake kai, har tana tambaya ko ina so ta raka shi da garaya irin ta Turawa. Shafin bidiyon da nake ɗora abubuwana shi ma ba baya ba. Na taɓa ɗora ƙarar iska tana kaɗa dabino a lambunmu na cikin kwari, kwana biyu sai ga saƙo wai wannan sauti mallakar wani kamfani ne a wata ƙasa da ko sunanta ban iya faɗa ba. Iskar Gure fa! Na rubuta musu amsa mai zafi da Faransanci, har yau ba su ce uffan ba.

A cikin maɓallan manhajar akwai ɗaya mai hoton tsintsiya. Aikinsa share hayaniya: ka ba shi magana da aka ɗauka cikin kasuwa, ya kwashe kasuwar ya bar maka maganar. Shi na fi so, shi ne kuma ya kai ni ya baro.

Injin niƙa ya riga ya cinye daka a unguwarmu. Inna kaɗai ta ƙi. Ta ce furar inji warin man gazuwal take yi, ita ba za ta sha mota ba. Kullum da hantsi tana bakin turmi, tana daka tana waƙa ƙasa-ƙasa. Babu mai jin abin da take faɗa, taɓarya tana rufe shi. Babu ma mai neman ji. Mace a bakin turmi da ranta take magana, namiji in ya zo wucewa ba ya rage tafiya. Ni dai sai na ce wa kaina waƙoƙin nan suna mutuwa, wajibi ne mai ilimi ya adana su. Ka ji ƙaryar ɗan boko. Wata Asabar na ɗora wayata ta salula kan katanga bayan wani tsohon faifai, na danna maɓallin ɗaukar murya, na fita kamar zan duba awaki. Ban tambaye ta ba, don na san amsar.

Na saurari abin ya fi sau goma. Dum, dum, dum, da wata murya can ƙasa kamar daga cikin rijiya. Sai na danna tsintsiya. Kwamfutar ta yi ta juya ɗan zobenta tun safe har azahar, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke sau biyu, na sake daga farko. Da ta gama na saurari minti ɗaya na farko. Taɓarya ta ɓace kamar ba a taɓa sassaƙa ta ba. Muryar Inna ce tsirara, tana kiran shanun babanta da launinsu, tana ambaton rijiyoyin Alakos. Sauran minti biyar ɗin ban saurara ba. Na ce ai na san su, na ji su sau goma.

Ranar Alhamis lokacin da yara suka fita shan iska, rezo na intanet ya zo da ƙarfi, abin da ba ya yi sai ya ga dama. Na yi maza na ɗora. Na sa hoton turmi, na bar ɗan sautin daka a farko don ado, na rubuta a ƙasa: "Muryar mahaifiyata, waƙar daka daga Gure." Sunana kuwa yana saman shafin ɓaro-ɓaro. Na'urar shafin, mai rubuta abin da ake faɗa a ƙasan hoto, da ta ji taɓarya sai ta rubuta wai ana tafi. Na yi dariya ni kaɗai a aji.

Masu sharhi suka fara zuwa, kowa da halinsa. Na farko ya rubuta, "Ni ne na farko," bai ƙara komi ba, ban ma tsammanin ya saurara. Wani ya tambayi wa yake kallo daga Agadas. Wani ya jero gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ina labarin ruwa, ya yi sallama bai taɓo waƙar ba. Mutum bakwai suka rubuta "Amin" alhali babu wanda ya yi addu'a. Mai maganin basir ya zo ya kafa tallarsa. Biyu suka kama faɗa a kan ko waƙar ta Nijar ce ko ta Najeriya, har suka kai ga zagin shugabannin juna. Ni ina ta bin kowa da godiya, kaina ya kumbura.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zauna gindin bedi a ƙofar gida, na buɗe shafin. Wata mata ta rubuta, "Wayyo, minti na huɗu ya sa ni kuka." A ƙasanta wani ya ce, "Wanda take kira ɗin ai sunansa ɗaya da mai shafin." Na ƙasansa ya ce, "Malam, kai ne? Ɗan fari ne kai ko na tsakiya?"

Na ja layin zuwa minti na huɗu, na manna salula a kunne.

Sunana ne. Ba laƙabi ba, sunan yanka, sau uku a jere, da irin muryar da ake rarrashin jinjiri. Sannan ta ce ta haife ni ta ba da ni, bakinta ya ce ba komi, nononta bai yarda ba. Ta ce in na wuce tana ƙidaya sawuna a ƙasa. Ta ce na rame bana, wa za ta gaya wa. Ta sake kiran sunan, ta koma kan shanu.

Ban san tsawon zaman da na yi a wurin ba. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba, irin daɗin da ban san ina jin yunwarsa ba sai da ya shiga. Kafin ya gama sauka kuma tsoro ya taka shi. Matar da shekara arba'in ba ta bari bango ya ji wannan suna daga bakinta ba, ga shi na shimfiɗa ta a kasuwar duniya. Ba ita ta faɗa wa kowa ba. Ta ɓoye shi inda mata suke ɓoye irinsa tun kaka da kakanni, ni na zo da tsintsiya na share abin da ya rufe shi. In ta ji, da wane ido za ta fita unguwa? Da wane ido ni zan shiga gidan?

Sai na amsa wa mai tambayar nan, na ce a'a, sunan wani ƙanenta ne da ya rasu. Minti biyar ba a yi ba wani ya rubuta, "Mushe, ji tsoron Allah, ni ɗalibinka ne na dā, kai ne babba a gidanku." Albarkar koyarwa ke nan.

Daga nan Barebari suka shigo. Kowa ya san tsakaninsu da Fulani wasa ne, ba a fushi, ba a kai ƙara. To sun samu nama. "Jama'a ku zo ku ji, yau kunyar Fulani ta faɗa turmi." "Dama mun ce ƙarya suke, a ɗaki kiran ƴaƴansu suke yi." Fulani suka taso kare kai, wani ya ce wannan ba tasu ba ce, ta daɗe cikin Haɓe ta lalace. Wannan ya fi ƙona mini rai. Kowane sharhi yana jawo goma, shafin kuma da ya ga ana cincirindo sai ya ƙara tura bidiyon gaba, har da aiko mini saƙon taya murna mai hoton kofi.

Na ce a goge. Ashe ɗorawa ce mai sauƙi. Maɓallin gogewa yana ɓoye bayan ɗigo uku, bayansu wasu ɗigo uku. Na same shi, ya ce na tabbata? Na tabbata. Ya ce me ya sa? Ya jero mini dalilai shida, babu "na tona asirin uwata" a ciki. Na zaɓi ɗaya da ka. Ya ce to zai aika lambobin sirri zuwa layina don ya tabbatar ni ne, layin kuwa tsoho ne da na daina aiki da shi tun bara. Na birkice ɗaki, na zazzage akwati, matata tana tambaya ko kunama ce ta shiga. Na same shi cikin gwangwanin allura. Na sa, sai rezo ya ɗauke.

Yinin Asabar a kan tudun bayan lakwal na yi shi, hannu a sama kamar mai roƙon ruwa, yashi yana ƙona mini ƙafa. Masu wucewa da raƙuma suna gaishe ni suna waiwaye. Wajen la'asar sandar rezo ɗaya ta fito, lambobin suka shigo, na goge. Shafin ya ce ya yi baƙin cikin rabuwa da wannan bidiyo, masoyana za su yi kewarsa. Na ce kewar uwaka, na sauko ina hamdala.

Hamdalar ba ta kwana biyu ba. Ranar Litinin na bi ta tasha, wurin mai cajin salula, sai na ji sunana yana fita daga lasifika. Wani ɗan albarka ya riga ya sauke waƙar, ya yanko minti na huɗu kaɗai, ya ɗora masa ganga, ya bi muryar Inna da irin gyaran nan da ya mai da ƴan ajina awaki. Sunana yana maimaita kansa, yana rawa. Masu kabu-kabu biyu suna kaɗa kai. Ɗaya ya hango ni ya ce, "Mushe, ka yi suna!" Na ce masa Allah ya shirye shi, na wuce. Magana zarar bunu ce, na sha faɗa wa yara a aji, ban san ranar da zan ga bunun da idona ba.

Inna ba ta da salula, ba ta zuwa tasha. Wannan kaɗai nake riƙe da shi. Amma ranar Laraba akwai suna a gidan da ke jikin namu, gidan wata tsohuwa Babarbariya da muke kira Iya, abokiyar wasan Inna tun zuwanta Gure. Kullum sai sun yi, wannan ta ce baiwata, waccan ta ce ke ce baiwa. Matan unguwa duka za su taru, kowace da waya a ƙugu.

Na fara zuwa wurin Auta. Ta riga ta ji, a rukunin matan unguwarsu aka tura mata. Idonta ya yi ja.

"Yaya, me ya kai ka?"

"Ƙaddara. Ki je ki gaya mata kafin ta ji a bakin mutane."

"In ce mata me? In ce Inna an ji kina son ɗanki? Da wane bakin?"

"To ki hana ta zuwa sunan. Ki ce ba ki da lafiya, ta zo ta zauna da ke."

"Sunan jikar Iya? Ko a kan gadon likita nake sai ta leƙa. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance."

Ni kuwa ba ni da hanyar kwancewa. Mutumin da bai taɓa ce wa uwarsa "kin ga" ido da ido ba, ta ina zai fara wannan?

Sai na tafi wurin Iya da kaina, ranar Talata da hantsi, na tarar ana gyaran shinkafar suna. Na durƙusa na gaishe ta. Tun kafin in buɗe baki ta fara dariya har tana share hawaye da bakin zane.

"Ɗan baiwata! Ashe kai ne mai sawun da ake ƙidayawa."

"Iya, don Allah don Annabi, kada a yi maganar nan gobe."

"Kai, tafi can! Shekara arba'in ina neman inda zan kama Bafillatanar nan, Allah ya kawo mini har gida, ka ce in saki?"

"Ba za ta ɗauka ba, Iya."

"Wasa ne fa. An taɓa fushi da wasan Babarbare? Kuma mene ne abin kunya? Uwa ta so ɗanta. Ni nawa na fari da sunansa nake kiransa, har in zage shi."

Ba mugunta a ranta ko kaɗan, shi ya sa na rasa ta inda zan kama ta. A wurinta abin daɗi ne ya samu, za ta raba da ƙawarta. Na roƙa har na gaji. Ta ce to, to, ta ji, za ta duba. Na san irin wannan "za ta duba".

Ranar Laraba da safe muka taru a ƙofar gida, aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka raba goro da dabino. Ban san abin da na amsa wa mutane ba. Kunnena yana cikin gida. Na ga Inna ta shiga da ƙwaryarta a ka, da mayafinta baƙi na zuwa taro. Ina nan zaune maza suka watse, ni ban tashi ba, ina ta murza goro a hannu har ya yi laushi.

Can wajen hantsi na ji gangar nan ta tasha ta tashi daga cikin gida. Na ji sunana. Aka kwashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa, na ji muryar Iya a sama tana kirari. Sai kuma aka kashe waƙar a tsakiya. Dariyar ta riƙa raguwa har ta mutu. Shirun nan ya fi dariyar tsorata ni.

Inna ta fito. Ba ƙwarya, ba takalmi ɗaya. Ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa, ta bi jikin katanga ta shige gidanmu. Ta wuce ni da taku biyu, ban ɗaga kai ba. Iya ta biyo ta da takalmin a hannu tana cewa, "Ke, wasa ne fa, ke!" Ta tsaya a ƙofar gidanmu, ba ta shiga ba. Ta dube ni, ta ajiye takalmin a gabana, ta koma.

Bayan la'asar Auta ta aiko a kira ni. Na tarar da su a ɗakin Inna, an sauke labule. Inna tana zaune bakin gado ta ba ƙofa baya. Na tsuguna daga bakin ƙofa na yi gaisuwa, ba a amsa ba. Na shirya jin komi, tsinuwa ma na shirya mata.

"Ki tambayi wancan," in ji Inna, muryarta a dishe, "abin nan ana iya kwashe shi?"

Na ce, "Ki ce mata na goge nawa. Na hannun mutane ba ni da iko da shi. Ki ce mata na yi laifi, ta yafe mini."

Auta ta maimaita, kamar ba a ji ba.

"Har ina ya kai?"

"Ki ce mata ya yi nisa."

"Har Alakos?"

"Wataƙila."

Ta gyaɗa kai a hankali. Na zaci nan ne za ta fashe, don ƴan'uwanta suna can, su ne masu auna kunya da mudu. Ba ta fashe ba. Ta kama bakin mayafinta tana naɗewa a yatsa tana warwarewa. Sai ta matsa kusa da Auta, ta rage murya, kamar ba na ɗakin.

"Shi fa? Shi ma ya ji?"

Auta ta juyo ta dube ni, hawaye yana zuba, ba ta maimaita tambayar ba.

Ashe duk duniyar da nake ta jin tsoro, Alakos da tasha da matan suna, ba su ne suka fi damunta ba. Ni ne. Ina so in ce na ji. Wallahi ban taɓa son faɗin wata magana kamar wannan ba. Ina so in ce na ji, Inna, na ji sau ɗari, na haddace, ban rame ba, aiki ne ya yi yawa. Na dubi bayanta, yadda ta takure kamar mai jiran bulala.

Na ce, "Ki ce mata kunnen salulata ya mutu tun kwanan baya. Mutane dai suke faɗa. Ni ban ji komi ba."

Auta ta haɗiye kuka ta faɗa mata, kalma bayan kalma.

Kafaɗun Inna suka sauka. Ta saki bakin mayafin, ta ja dogon numfashi.

"Alhamdu lillahi," in ji ta.

Ban taɓa jin godiya ga Allah da ta yi mini zafi irin wannan ba. Na ce amin, na tashi na fita.